Mahaifinmu ya rasu da kansar hanji: yaushe zan fara gwaji, kuma me ya sa wasu al'ummomi suka fi kamuwa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekaruna 41. An gano kansar babban hanji a jikin mahaifinmu yana da shekara 54, ya rasu bayan shekara biyu. Ni lafiyata ƙalau, ba na jin komai. Wasu sun ce sai na kai 50 zan fara gwaji, wasu sun ce 45. Kuma na karanta cewa 'yan asalin jihar Alaska ta Amurka sun fi kowa kamuwa da ita a duniya, har tun suna da shekara 40 ake fara duba su. Shin cutar a jinin ƙabila take? Mene ne yake jawo ta, kuma wane gwaji ne ya dace da ni?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ku haƙuri. 'Yar'uwa, bari in fara da abin da ya shafe ki kai tsaye. Shekara 45 da 50 ɗin da kika ji, ƙa'ida ce ta mutanen da babu wannan cuta a gidansu. Ke ba kya cikinsu. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa, ko ɗan'uwansa ciki ɗaya ya kamu kafin ya kai 60, ana fara duba shi ne tun yana da 40, ko kuma shekara goma kafin shekarun da aka gano cutar a jikin ɗan'uwan nasa, duk wanda ya riga zuwa. A lissafinki goma kafin 54 shi ne 44, amma 40 ya riga shi, to 40 ne naki. Kin wuce da shekara ɗaya. Wannan bai kai a tayar da hankali ba, amma kada shekarar nan ta ƙare ba ki je ba. Kuma gwajin da ya dace da ke shi ne kolonoskofi, wato a duba cikin hanji da siririyar na'ura mai kyamara, a kuma maimaita duk bayan shekara biyar. Haka yake ga yayyenki da ƙannenki duka.

Kin ce ba kya jin komai. Dama masu lafiya ake yi wa gwajin. Kansar babban hanji da dubura tana cikin 'yan kaɗan ɗin da suke ba da rata mai tsawo kafin su zama kansa. Mafi yawanta tana farawa ne da ɗan tsiro a jikin bangon hanji, wani lokaci bai kai ƙwayar wake ba. Ba ya ciwo, ba ya hana cin abinci. Yawancin irin waɗannan tsiron haka za su zauna har mutum ya tsufa, amma wasu sukan canza a hankali, kuma tafiyar daga tsiro zuwa kansa takan ɗauki shekara goma ko fiye. A cikin wannan tazarar, idan likita ya leƙa ya gan shi, nan take zai zarga masa ɗan zoben waya ya yanke shi, mutum ya koma gida a ranar. Shi ya sa kolonoskofi ya bambanta da yawancin gwaje-gwajen kansa: wasu suna gano cutar da wuri ne kawai, shi kuwa yana iya hana ta samuwa ma. Idan kuma ta riga ta zama kansa, lokacin da aka kama ta shi ne kusan komai. A alƙaluman Amurka, cikin mutum goma da aka gano tasu tun tana cikin hanji ba ta fita ba, kimanin tara suna raye bayan shekara biyar. Idan ta riga ta kai hanta ko huhu, adadin yakan faɗo ƙasa da biyu cikin goma. Cutar ba ƙarama ba ce: a 2020 kimanin mutum miliyan 1.9 suka kamu a duniya, sama da 900,000 suka mutu. Ita ce ta uku a yawan kamuwa, ta biyu a yawan kisa bayan kansar huhu.

Abubuwan da suke ƙara haɗarin, akwai waɗanda ba yadda mutum zai yi da su. Babbansu shekaru ne, don mafi yawan masu cutar sun haura 50. Sai dai wannan yana sauyawa, kuma mu likitoci abin yana damunmu. Bincike a Amurka ya nuna wanda aka haifa wajen 1990 haɗarinsa na kansar hanji ya ninka na wanda aka haifa wajen 1950 sau biyu, na dubura kuma sau huɗu, idan aka kwatanta su a shekaru ɗaya. Wannan ne ya sa ƙungiyar yaƙi da kansa ta Amurka ta sauko da shekarun farawa zuwa 45 a 2018, kwamitin da yake ba gwamnatinsu shawara kan rigakafi ya biyo baya a 2021. Jarumin fim Chadwick Boseman ya rasu da ita a 2020 yana da shekara 43. Maza sun ɗan fi mata kamuwa. Wanda yake da ciwon kumburin hanji mai daɗewa, irin wanda ake kira kolaitis mai gyambo ko cutar Crohn, ana fara bin hanjinsa da kyamara bayan kamar shekara takwas da fara ciwon. Haka wanda aka taɓa ƙona masa ciki da haske don maganin wata kansa tun yana yaro.

Maganar gado kuma tana da hawa biyu, kuma mutane sukan cakuɗa su. Hawa na farko shi ne irin naki: mutum ɗaya na kusa ya kamu, haɗarin sauran ya kai kamar ninki biyu. Hawa na biyu shi ne inda akwai takamaiman lahani a ƙwayar halitta da yake bin zuriya. Wanda ya fi yawa shi ne ciwon Lynch, wanda yake jawo kimanin kashi 3 cikin 100 na duk kansar hanji. A irin wannan gida za ki ga kaka, uwa da 'ya duk sun kamu, wasu tun suna da talatin da wani abu, kuma ba hanji kaɗai ba, har da kansar mahaifa, ta ƙwan mace, ta ciki. Masu shi ana fara musu kolonoskofi tun tsakanin 20 da 25, duk shekara ɗaya ko biyu. Akwai wani kuma da ba shi da yawa, ana ce masa FAP, inda tsiro ɗaruruwa ko dubbai suke cika hanji tun ana samartaka, kuma idan ba a cire hanjin ba kusan tabbas sai ya zama kansa. Don haka ki zauna da manyan gidanku ki tambaya: a dangin baba, wa ya taɓa yin kansa, ta ina, yana da shekara nawa? Ki tambayi mata musamman game da kansar mahaifa, don ita ce ake yawan mantawa ba a haɗa ta da ta hanji.

Sai waɗanda suke hannun mutum. A 2015 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa, irin su sosej, naman gwangwani da wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji. Lissafinta shi ne duk giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Jan nama kuma ta ce mai yiwuwa yana jawowa. Na sha jin ana cewa an daidaita nama da sigari. Ba haka ba ne. Abin da aka daidaita shi ne ƙarfin hujja, amma ɓarnar sigari ta fi nesa ba kusa ba. Giya, taba, ƙiba musamman ta tumbi, yawan zama babu motsa jiki, da ciwon suga, duk suna ƙarawa. Hatsin da ba a cire masa dusa ba, wake, ganye da madara suna ragewa. Amma kada ki ɗauka gyaran abinci zai tsaya miki a madadin gwaji. Na ga masu kula da cinsu da motsa jikinsu sosai an ciro musu babban tsiro.

Yanzu ga tambayarki kan ƙabila, wadda ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Abin da kika karanta gaskiya ne. 'Yan asalin Alaska suna cikin waɗanda suka fi kowa kamuwa da wannan cuta a duniya. Yawan kamuwarsu ya haura ninki biyu na fararen Amurka, yawan mutuwarsu kuma ya fi haka tazara. Shi ya sa tun 2013 tsarin lafiyarsu ya sa a fara duba su daga shekara 40, tun kafin sauran ƙasar ta sauko 45.

To amma cewa "a jininsu take" ya yi gajarta. Dubi Indiyawan Amurka, wato 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa, su kansu. Waɗanda suke filayen arewa da na kudu na tsakiyar ƙasar suna da yawan kamuwa sosai, na kudu maso yamma kuwa nasu ya yi ƙasa da haka ƙwarai. Ko dubi Japanawan da suka yi ƙaura zuwa Hawai a ƙarnin da ya wuce: a lokacin cutar ba ta da yawa a Japan, amma cikin zuriya ɗaya zuwa biyu yawanta a cikinsu ya kamo na mutanen da suka tarar. Jini ba ya canzawa da wannan sauri, abinci da yanayin zama ne suke canzawa. Akwai wani ɗan bincike da nake so, wanda aka wallafa a 2015. An ɗauki baƙaƙen Amurka ashirin, waɗanda cutar take da yawa a cikinsu, da mazauna karkarar Afirka ta Kudu ashirin, waɗanda ba kasafai suke kamuwa ba, aka musanya musu abinci na mako biyu kacal. A wannan ɗan lokaci ƙwayoyin bakteriyar da suke zaune a hanjinsu da alamomin kumburin bangon hanji suka juya, na Amurkawan suka gyaru, na 'yan karkarar suka lalace. Mutum arba'in ba su isa a yanke hukunci da su ba, amma sun nuna inda ya kamata a duba. A Alaska shan taba ya yi yawa, ƙiba da suga suna ƙaruwa, kuma a ƙauyen da sai jirgi yake kai kaya, ɗanyen ganye da 'ya'yan itace sukan yi tsada ko su yi wuyar samu.

Ga kuma nisa. Ƙauyuka da yawa a Alaska babu titin da ya haɗa su da gari. Mai son kolonoskofi sai ya hau ƙaramin jirgi zuwa asibitin yanki ko zuwa birnin Anchorage, ya sami mai raka shi, ya kwana, ya sha maganin wankin hanji a masauki, idan yanayi ya ɓaci jirgi ya fasa tashi. Mutumin da ba ya jin ciwon komai, wa zai zarge shi idan ya ce a bar kaza cikin gashinta? Har gwajin bayan gida na da can bai yi musu aiki ba. Wancan tsohon gwajin yana kama kowane irin jini, su kuma ƙwayar cutar H. pylori, mai sa ciki ya riƙa ɗigar da jini kaɗan-kaɗan, ta yi yawa a cikinsu, ga cin nama, sai sakamako ya riƙa nuna akwai matsala alhali babu. Sabon gwajin bayan gida mai suna FIT ya rage wannan, don jinin ɗan Adam da ya fito daga ƙasan hanji yake kamawa. Abin da ya taimaka musu ƙwarai shi ne ma'aikatan da ake ɗauka daga cikin al'ummar, masu bin mutum tun daga kiran waya har shirya masa jirgi da masauki, da kuma neman 'yan'uwan duk wanda aka gano yana da cutar a gayyace su gwaji. Da a can kuke, da tuni an kira ki.

A Niyu Zilan matsalar ta ɗauki wata siffa. Shirin ƙasar da aka fara shimfiɗawa a 2017 ya fara ne da aika gwaji ga masu shekara 60 zuwa 74. Al'ummar Mawori kuwa, 'yan asalin ƙasar, matasa sun fi yawa a cikinta, kuma fiye da rabin masu kamuwa a cikinsu ana gano tasu ne kafin su kai 60, alhali a sauran jama'a bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ƙa'ida ɗaya ce ga kowa a takarda, amma a aikace ta tsallake mafi yawan marasa lafiyar Mawori. An fara sauko musu da shekarun zuwa 50 a wasu yankuna, sai a 2025 gwamnati ta sauya shawara ta ce za a sauko wa kowa zuwa 58. A ganina wannan ci gaba ne ga jama'a gaba ɗaya, amma bai toshe ramin da aka gano ba.

Ostareliya tana aika kayan gwajin FIT kyauta ta gidan waya duk shekara biyu ga masu 50 zuwa 74, kuma tun Yulin 2024 masu 45 zuwa 49 za su iya nema. Tsari ne mai kyau ga wanda yake da adireshi tsayayye, yake karanta Turanci, yake da firji. Zafi yana lalata jinin da ake nema a cikin samfurin, har sai da shirin ya riƙa jinkirta aikawa yankuna masu zafi zuwa watannin sanyi. 'Yan asalin ƙasar, wato Aborijin da mutanen tsibiran Torres Strait, ba su fi sauran jama'a yawan kamuwa ba, amma sun fi ƙarancin mayar da gwajin, sun fi jinkirin samun kolonoskofi bayan sakamako ya nuna jini, kuma sun fi mutuwa. Da aka gwada ba da kayan hannu da hannu a cibiyoyin lafiyarsu, ma'aikacin da suka sani ya yi bayani da bakinsa, yawan masu yi ya ƙaru, aka kuma faɗaɗa tsarin. A Kanada ma, inda a yawancin yankuna ake gwajin FIT duk shekara biyu daga 50 zuwa 74, cutar tana ƙaruwa a cikin al'ummomin asali, kuma Inuwit na arewa mai nisa suna fama da irin matsalar jirgi ta Alaska.

Akwai kuma rashin yarda, wanda ba daga sama ya faɗo ba. Binciken gwamnatin Amurka na 1976 ya gano an yi wa mata Indiyawan Amurka sama da 3,400 aikin hana haihuwa na dindindin cikin 'yan shekaru a yankuna huɗu kawai, ba tare da an cika ƙa'idojin neman yardarsu ba. 'Ya'ya da jikokin waɗannan mata ne yau ake cewa su zo a sa musu barci a duba cikinsu. Ko alƙaluman ma ba su cika ba, don sau da yawa akan rubuta ɗan asalin ƙasa a matsayin wata ƙabila a takardar asibiti ko ta mutuwa, sai adadinsu ya fito ƙasa da yadda yake.

Game da gwaje-gwajen kansu, ga wanda haɗarinsa na kowa da kowa ne, zaɓi biyu ne manya. FIT ana yin sa a gida, a dangwali bayan gida da ɗan tsinke a saka a kwalba a mayar. Babu azumi, babu wankin ciki. Yana kama kimanin kansa uku cikin huɗu a yi ɗaya, amma ba shi da ƙarfi wajen kama tsiro, shi ya sa dole a maimaita shi duk shekara ko duk shekara biyu. Kolonoskofi idan ya fito lafiya sai bayan shekara goma. Yana da nasa haɗarin, zubar jini bayan cire tsiro ko hujewar hanji, amma ba kasafai suke faruwa ba. Akwai gwajin bayan gida mai haɗa FIT da neman ƙwayoyin halittar kansa, irin Cologuard, duk shekara uku, da hoton hanji na na'urar CT duk shekara biyar. A 2024 Amurka ta amince da wani gwajin jini mai suna Shield. Yana kama kansa da dama, amma tsiro mai haɗari kimanin 13 cikin 100 kawai yake ganowa, don haka ban ɗauke shi a matsayin rigakafi ba.

Wani babban bincike da aka yi a Folan, Nowe da Suwidin, aka wallafa a 2022, ya bi mutum sama da 84,000 tsawon shekara goma. Waɗanda aka gayyata kolonoskofi kamuwarsu ta ragu da kashi 18 cikin 100 kawai, jaridu suka yi ta cewa gwajin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Abin da da yawa ba su faɗa ba shi ne kashi 42 cikin 100 ne kaɗai na waɗanda aka gayyata suka je. A cikin waɗanda suka je, kamuwa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, mutuwa da kusan rabi. Irin labarin Alaska da Ostareliya ne, sai dai a Turai. Kuma duk wanda FIT ɗinsa ya nuna jini, tsugune ba ta ƙare ba, sai an bi shi da kolonoskofi cikin 'yan watanni. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya sake yin FIT na biyu, ya fito babu jini, ya ce na farkon ne ya yi ƙarya. Tsiro da kansa ba kullum suke zubar da jini ba, na farkon shi ake bi.

Duk wannan magana ta marasa alama ce. Wanda yake ganin jini a bayan gida, ko bayan gidansa ya canza ya ƙi komawa daidai tsawon makonni, ko yana ramewa ba dalili, ko cikinsa yana ciwo ba ya daina, ko aka ce jininsa ya yi ƙasa saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe alhali shi namiji ne ko macen da ta daina al'ada, wannan ba ya jiran shekara 45 ko 40. Basir ya fi kansa yawa nesa, gaskiya ne, amma mutum ɗaya yana iya samun duka biyun, kuma matasa da yawa sun yi watanni ana ba su maganin basir kafin wani ya duba sama.

Idan za ki je wurin likita, ki tafi da shekarun da aka gano cutar mahaifinku, da takardar sakamakon naman da aka yanko masa idan tana nan, don a cikinta ake ganin ko an gwada alamar Lynch. Ranar gwajin kuma, wahalar ba ta cikin ɗakin aiki, don yawanci ana ba da maganin barci kuma bai cika wuce minti talatin zuwa arba'in ba. Wahalar tana daren da za a wayi gari a yi gwajin, wurin shan ruwan wankin hanji. Ki shanye shi duka yadda aka tsara, rabi da yamma rabi da asuba idan haka aka ce, har abin da yake fita ya zama ruwa garai-garai. Hanjin da bai wanku ba yana ɓoye ƙananan tsiro, musamman shimfiɗaɗɗun da suke ɓangaren dama, sai a ce ki dawo a sake. Ki tafi da wanda zai dawo da ke gida, don ba za ki yi tuƙi a ranar ba.